Madubin bindiga don farautar barewa: yadda ake zaɓa, a ɗaura, a saita

Idan kaka ta kama a Amurka, ganyen itatuwa ya fara zuba, miliyoyin mutane ne ke yankar lasisi su nausa daji neman barewa. Mai farar wutsiya kaɗai, akan harbe wajen miliyan 6 a shekara. A jihar Wisconsin kwana 9 ake ware wa masu bindiga cikin watan Nuwamba, kuma da yawansu a kurmi suke fakewa. A Wyoming da Montana fili ne fetal, ana hango barewa mai manyan kunnuwa daga wannan tudu zuwa wancan. Maharbin Jamus hawa yake yi kan wata 'yar hasumiyar katako a bakin daji, ya zauna jiran dabba ta fito kiwo. Na tsaunukan Sikotilan kuwa da rarrafe yake bin jar barewa cikin iska da yayyafi. Kusan dukkansu akwai madubin saiti ɗaure a saman bindigarsu, sai dai kowane daji da irin madubin da ya karɓe shi.

Wajen sayen madubin nan ne sabon shiga ya fi faɗawa rami. Babbar lamba ce ke ɗaukar hankalinsa, ya sayo mai zuƙowa ninki 20 ko 24, ya shiga kurmi da shi, barewa ta gifta a gabansa ya yi ta lalube bai same ta a cikin gilashi ba. Alhali abin da ake so daga madubi bai da yawa: ya ba maharbi damar sa harsashi a ƙirjin dabba, inda zuciya da huhu suke, a cikin ɗan hasken da ake da shi, a kuma nisan da yake harbi da gaske. Wurin nan a jikin babbar barewa faɗinsa inci 8 zuwa 10 ne, wato santimita 20 zuwa 25, kamar farantin cin abinci. In harsashi ya shiga nan, dabbar ba ta yin nisa. In ya sauka a tumbi ko a cinya, gudu za ta yi da rauni ta je ta mutu a wahale inda ba mai ganinta, kuma wannan shi ne abin da duk maharbin kirki ya fi ƙi.

Karanta lambobin da ke jikin madubi

Madubin da ya fi yawa a hannun maharban Amurka shi ne mai lamba 3-9x40. Lambobin farko biyu ƙarfin zuƙowa ne: ana murɗa wani zobe kusa da ido, ya zuƙo abu daga ninki 3 har ninki 9. Ta ƙarshe, 40, faɗin gilashin gaba ne da milimita. In aka ga lamba ɗaya kafin alamar x, kamar 6x42 ko 8x56, madubin ba ya sauya ƙarfi.

Barewar da ke tsaye a mita 270, a ninki 9 za ta bayyana kamar tana mita 30. Wannan ya wadatar ƙwarai, domin mutum mai lafiyar ido ba ya rasa ƙirjin dabba a mita 30. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, duk zuƙowar da ka ƙara, da faɗin gani ka biya. Madubi irin wannan, a ninki 3 yakan nuna fili mai faɗin mita 11 zuwa 13 a nisan mita 100. A ninki 9 filin yakan tsuke ya koma kusan mita 4. To kawo lissafin cikin kurmi, inda barewa ke ɓullowa a mita 30: a ninki 9 abin da kake gani bai kai mita ɗaya da rabi ba, bai ma kai tsawon jikinta ba. Gashi kawai za ka gani ya cika gilashi, ba ka san kafaɗa ba ce ko ɗuwawu, in kuma ta taka sau biyu ta fice. A ninki 3 kana da fiye da mita 3, kana ganinta duka, kana ganin reshen da zai iya karkatar da harsashi, kana kuma ganin abin da ke bayanta.

Shi ya sa ƙaramar lambar ta fi babbar muhimmanci ga mai farautar kurmi. Ƙa'idar da tsofaffin hannu suka riƙe ita ce a yi yawo da madubi a ƙaramin ƙarfinsa. Dabbar da ke nesa za ta ba ka lokacin murɗa zobe ka ƙara, ta kusa kuwa ba za ta jira ba. Yawan zuƙowa yana da wata illar: rawar hannu da bugun zuciya duk sai su bayyana a gilashi, layin saiti ya riƙa kai-komo a jikin dabba, maharbi ya ruɗe ya fizgi kunama lokacin da yake ganin layin ya zo daidai, harbin ya goce.

Ga yadda muke ganin rabon. Kurmi mai duhuwa irin na Pennsylvania ko arewacin Wisconsin, inda harbi bai cika wuce mita 80 ba, 1.5-5x ko 2-7x33 ya isa, musamman a kan bindiga irin .30-30 wadda harsashinta ke saurin sunkuyawa. Gonaki da bakin daji, inda yau kusa gobe nesa, 3-9x40 ko 2.5-10x42. Filayen yamma, 3-15x44 ko 4-16x44, shi ma ga wanda ya yi gwaji a nesa har hannunsa ya faɗa. Farautar kora da ake yi a Jamus, inda masu kora da karnuka ke taso da dabba a guje, 1-6x24 ake amfani da shi, ido biyu a buɗe.

Haske, inda kuɗin ke tafiya

Barewa ta fi motsi da duku-duku da kuma gab da almuru. Da rana tsaka kowane madubi yana gani, har na banza. Minti goma na ƙarshe kafin duhu su ke raba mai kyau da marar kyau, kuma a nan ya kamata mai saye ya tsaya ya natsu.

Riƙe madubi nesa da fuskarka, ka nuna shi wajen haske. Za ka ga wani ɗan da'irar haske a gilashin baya. Faɗin da'irar nan ana samunsa ne in aka raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin zuƙowa. Mai 3-9x40 a ninki 9 yana ba da milimita 4.4, a ninki 6 kuma milimita 6.7. Mai 6-24x50 a ninki 24 bai wuce milimita 2.1 ba. Ita kuwa ƙofar da haske ke shiga a tsakiyar ƙwayar ido, cikin duhu takan buɗe har kusan milimita 7 a idon matashi, ta ragu zuwa wajen 5 in shekaru sun ja. Duk lokacin da da'irar madubi ta gaza ƙofar ido, hoto zai dushe. In ta fi ƙofar ido faɗi, rarar hasken ba ta shiga, sai dai tana sauƙaƙa wa ido saurin kama hoton. Saboda haka in magariba ta kawo jiki, mai 3-9x40 ya sauko ninki 6 ko 7, zai ga daji ya ɗan washe.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa 6x42 da 8x56 suka daɗe suna tashe a Turai, domin dukansu milimita 7 cif suke bayarwa. Doka ma tana da hannu a ciki. A jihohin Amurka da yawa ana halatta harbi ne daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. A Ingila da Wales, dokar barewa ta 1991 ta ba da awa guda. A Jamus dare a wurin doka yana farawa awa ɗaya da rabi bayan faɗuwar rana, ga kuma aladen daji da ake harbi cikin farin wata. Wanda doka ta tsayar da shi a rabin awa, gilashin milimita 40 ko 44 ya ishe shi. Mai milimita 56 na wanda zai zauna har duhu ya yi kauri ne, kuma yana zuwa da nauyi, yana tilasta a ɗaga madubi sama da dogayen zobban ɗauri, kumatun maharbi su rabu da ƙotar bindiga. Kan da ke lilo a iska ba ya komawa wuri ɗaya sau biyu, saiti kuma daga nan yake lalacewa.

Girman gilashi rabin zance ne. Ɗaya rabin shi ne shafin da aka yi masa. Gilashi tsirara yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska da haske ya ratsa. Madubi mai sauya ƙarfi yana ɗauke da gilasai da dama a jere, in aka ce fuskoki 12 ne, lissafi ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na hasken zai salwanta a hanya, wanda ya salwanta kuma yawo yake yi a ciki yana haddasa hazo. Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a garin Jena ne ya samo dabarar shafin da ke rage wannan asara a 1935. A yau madubi mai kyau yana isar da fiye da kashi 90 cikin 100. A duba kwali da kyau: wani kamfani zai ce an yi wa gilashi shafi, alhali fuska ɗaya ko biyu kawai ya shafa. Abin nema shi ne a rubuta ƙarara cewa kowace fuska ta kowane gilashi an yi mata shafi hawa-hawa.

Kada a yanke hukunci a ƙarƙashin fitilun kanti. A nemi izini a fita waje da madubi biyu ko uku da yamma liƙis, a dubi ƙarƙashin inuwar bishiya ko cikin wani lungu mai duhu, a ga wanne ke rarrabe baƙi da ruwan ƙasa. Sannan a karkata wajen da rana ke faɗuwa, ba a ƙura wa ranar kanta ido ba, a ga ko hoton zai yi fari fat. Madubin 3-9x40 mai gilashi nagari ya fi 4-16x50 mai gilashin arha a wannan gwaji, kuma da kuɗi ɗaya ake samunsu sau da yawa.

Kaurin gangar jikin madubi, inci 1 ne ko milimita 30, ba ya ƙara haske yadda ake yaɗawa. Mai kauri yana ba da ƙarin sararin murɗa saiti ne ga masu harbin nesa sosai. Abin kula kawai shi ne zobban ɗauri su dace da kaurin.

Tazarar ido

Kowane madubi yana da tazarar da ido zai tsaya a bayansa ya ga cikakken hoto. Ga bindigogin barewa irin .308 Winchester da .270 da .30-06, kada ta gaza santimita 9, in ta kai 10 ya fi. Idan bindiga ta tashi, baya take bugowa, in ido ya matsa kusa, bakin madubi ya sari gira, har a kai ga ɗinki. Wanda madubi ya taɓa sara kuma yakan fara runtse ido kafin ya ja kunama, ɗabi'ar da ke da wuyar bari. A madubai masu arha tazarar tana raguwa in an ƙara zuƙowa, don haka a babban ƙarfi ake aunawa. Harbin da ake yi sama-sama a gefen tsauni, ko a kwance rub da ciki, shi ya fi kawo goshi kusa da ƙarfe.

Layukan saiti

A 1962 kamfanin Leupold ya fito da fasalin da ya kira Duplex: layuka huɗu masu kauri daga gefe, su sirance a tsakiya. Har yau da wuya a sami wanda ya fi shi dacewa da barewa, domin kaurin yana jan ido zuwa tsakiya, in duhu ya haɗiye siririn layin kuma masu kaurin suna nan suna nuna inda tsakiyar take. Fasalin Jamusawa mai lamba 4 ɗan'uwansa ne, ginshiƙai uku masu kauri, na sama siriri. Layuka sirara irin na masu gasar harbi ɓacewa suke yi a kan gashin dabba mai duhu.

Ɗigo mai haske a tsakiya yana taimako da magariba, matuƙar an bar shi a ƙaramin haskensa. In aka ƙure shi, shi da kansa zai dallare ido ya rufe dabbar. Batirin CR2032 yake ci, sanyi kuma yana kashe batir da wuri, don haka a ajiye na canji a aljihu, a kuma tabbatar layukan suna ganuwa ko batir ya mutu.

Akwai madubai masu ƙananan alamomi a ƙarƙashin tsakiya, wai wannan ta yadi 200, waccan ta 300, ta ƙasa ta 400. Suna aiki, amma da sharaɗi biyu. Na farko, an zana su ne bisa wani harsashi da wani gudu, sai an gwada a fili kafin a san inda naka ke sauka. Na biyu shi ne wanda ke cin mutane. A yawancin madubin farauta layukan ba sa girma in an zuƙo, hoto ne kawai ke girma, saboda haka alamomin suna daidai ne a ƙarfi ɗaya tak, galibi mafi girma. Wanda ya rage daga ninki 9 zuwa 4.5 ya yi amfani da alamar yadi 300, ya ɗaga bakin bindiga ninki biyu na abin da ake buƙata ke nan, harsashi ya bi ta saman gadon bayan dabba. Akwai irin da layukan ke girma tare da hoto, alamominsu suna daidai a kowane ƙarfi, sai dai a ƙaramin ƙarfi sukan sirance har su gagari ido a kurmi. Ga wanda harbinsa bai wuce yadi 300 ba, madubin da layukansa ba sa girma ya fi.

A gaskiya ma yawancin maharba ba sa buƙatar alamomin. Ɗauki .308 da harsashi mai nauyin giren 150, kusan giram 10, wanda ke fita da gudun wajen mita 860 a daƙiƙa. In aka saita shi ya bugi tsakiya a yadi 200, a yadi 100 zai hau kusan inci 2, a yadi 250 ya sauka inci 3 zuwa 4, a yadi 300 ya sauka inci 8 zuwa 9. Ma'ana daga bakin bindiga har kusan yadi 240, a ɗora tsakiyar layi a ƙirji a ja kunama, ba lissafi. Ita kuwa .30-30 da aka saita a yadi 100, kafin yadi 200 ta sauka inci 7 zuwa 8, nan ne iyakarta, komai girman madubin da aka ɗora mata.

Mamurɗai da faralaks

Mamurɗi biyu ne a tsakiyar madubi, na sama yana kai saiti sama da ƙasa, na dama yana kai shi hagu da dama. Kowane ƙas da aka ji, a madubin Amurka galibi kwatan inci ne a yadi 100, a na Turai santimita 1 a mita 100. Na farauta ya fi kyau a ce mamurɗansa suna da murafe, a saita a rufe a manta. Dogayen mamurɗai marasa murfi, sarƙaƙiya ko jakar bindiga kan murɗa su ba a sani ba. In dole sai su, a nemi masu kulle.

Faralaks shi ne gocewar da layin saiti ke yi daga kan abin hari in ido bai tsaya a tsakiyar gilashi ba. Yawancin madubin barewa an tsayar da shi a yadi 100 ko 150 tun daga masana'anta. Mai gilashin milimita 40 da aka tsayar a yadi 100, ko ido ya kai ƙarshen gefe, gocewar a yadi 300 ba za ta wuce santimita 4 ba, kuma kumatu a wuri ɗaya kan ƙota suna kashe mafi yawanta. Sai zuƙowa ta haura ninki 10 ko 12 mamurɗi na uku na gyaran faralaks yake da amfani.

Ruwa, sanyi da bugu

Kamfanin Leupold yana ba da labarin cewa Marcus Leupold ya taɓa rasa barewa saboda madubinsa ya yi gumi daga ciki, abin da ya kai su ga ƙera nasu na farko a 1947. Maganin da aka tsaya a kai shi ne a zuƙe iskar ciki mai laima, a cika da naitirojin ko argon, a toshe kowace kafa da zoben roba. Madubin da bai da wannan, kada a kai shi dajin Nuwamba. Gumin waje kuwa daga maharbi ne: numfashi a kan gilashin baya, ko shigar da bindiga mai sanyi ɗaki mai ɗumi. A bar ta cikin jaka ta huce a hankali. Wajen goge gilashi a fara hure ƙura, a bi da buroshi mai laushi, sannan ƙyallen gilashi. Gefen riga da yashi a kai karce shafin yake yi.

Nauyi ma abin dubawa ne. Madubin 3-9x40 yakan yi giram 350 zuwa 450, manyan na harbin nesa kan haura giram 800, mai hawa tsauni zai ji bambancin a kafaɗarsa. Sannan a yi hattara da jabu. Ana buga sunayen manyan kamfanoni a jikin madubin banza a sayar ta intanet da rahusa mai ɗaukar ido. A saya wurin dillalin da kamfani ya sani, a kuma tantance lambar da ke jiki.

Ɗauri

Madubi mai tsada a kan zobba marasa kyau asarar kuɗi ne, kuma yawancin ƙorafin da ake yi cewa madubi ba ya riƙe saiti daga ɗauri yake. Kafin komai, a cire harsasai, a buɗe sakata, a duba da ido a kuma taɓa da yatsa.

Mazauni, wato ƙarfen da ake ɗaurewa a saman bindiga don zobba su zauna a ramukansa, iri biyu suka fi yawa: Picatinny da Weaver. Ramukan Picatinny faɗinsu milimita 5.23, na Weaver 4.57. Zobban Weaver kan zauna a Picatinny, amma na Picatinny ba su cika shiga Weaver ba. A goge mai daga notuna da ramukansu. Notunan mazauni a ɗiga musu gam ɗin noti mai launin shuɗi, wanda ake iya kwancewa. Kowane zobe a tura shi gaba ya tokari bangon raminsa kafin a ɗaure, domin in bindiga ta buga baya, madubi gaba yake neman zamewa. A zaɓi zobba mafi gajarta da za su bar milimita 2 ko 3 tsakanin gilashin gaba da bututun bindiga, hannun sakata kuma ya wuce bai gogi madubi ba.

A ɗora madubi a bar notuna sako-sako. Maharbi ya sa rigar sanyin da zai yi farauta da ita, ya kai madubi babban ƙarfinsa, ya rufe ido, ya ɗaga bindiga kafaɗa yadda ya saba, sannan ya buɗe ido. In akwai baƙin zobe a gefen hoto, madubi za a matsa gaba ko baya, ba kai ba. Bayan haka a rataye igiya da wani abu mai nauyi, a daidaita bindiga tsaye, a juya madubi har layin tsaye ya bi igiyar. Madubi karkatacce yana tura harsashi gefe, kuma nisa na ƙaruwa gocewar na ƙaruwa.

Notunan murfin zobe a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan kishiyarta, tazarar gefe biyu ta zama ɗaya. Kamfanoni da dama suna ba da inci-fam 15 zuwa 18, kusan niyuton-mita 2, amma a bi abin da takardar zobban ta ce, da sukurdireba mai auna ƙarfin ɗauri. Masu ƙarfin hannu sukan wuce gona da iri, su matse gangar jikin madubi, zoben zuƙowa ya yi tauri, kayan ciki su daina komawa mazauninsu. Kada kuma zobe ya manne da gindin mamurɗai.

Saura gyaran ido. A nuna madubi sama ko farin bango, a leƙa na daƙiƙa biyu a kau da kai, a murɗa gilashin baya, a sake leƙawa, har layukan su fito baƙi wuluk tun a kallon farko. In aka daɗe ana kallo, ido da kansa zai gyara kuskuren ya yaudari mai shi.

Saiti

A fara a yadi 25. A zare sakata, a kafa bindiga kan buhunan yashi, a leƙa ta cikin bututu har allon gwaji ya zo tsakiya, sannan a murɗa madubi layinsa ya zo wuri ɗaya ba tare da an motsa bindiga ba. A sa abin toshe kunne, a harba ɗaya. A wannan nisa kowane ƙas kashi ɗaya cikin 16 na inci yake motsawa, wato inci 1 yana cin ƙas 16, a yadi 100 kuwa ƙas 4. Mutane da yawa kan manta wannan, su murɗa huɗu su ga ba abin da ya sauya, su ce madubi ya lalace.

A koma yadi 100, a harba uku, a auna daga tsakiyar ramukan uku, a gyara, a sake uku. Buhun yashi ƙarƙashin ƙota ake sa shi, in bututu ya hau kan abu mai tauri harbi sama yake tashi. A bar bututu ya huce tsakanin zagaye, domin harbin da ke kashe barewa daga bututu mai sanyi yake fita. Kuma da harsashin da za a yi farauta da shi ake saiti, sauya kamfani ko nauyi na iya matsar da wurin saukarsa inci da dama. Mai son ya san gaskiyar mamurɗansa ya harba ɗaya a yadi 100, ya murɗa 16 sama ya harba, 16 dama ya harba, 16 ƙasa, 16 hagu. Ramukan su zana murabba'i mai kusan inci 4 kowane gefe, na ƙarshe ya dawo kan na farko.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kai: madubin bindiga ba na leƙen daji ba ne. Duk abin da ka duba ta cikinsa ka nuna shi da bakin bindiga ke nan, motsin da ka gani a duhuwa kuma yana iya zama wani maharbin. Da madubin hangen nesa na ido biyu, 8x42 ko 10x42, ake tantance dabba kafin a ɗaga bindiga. A kuma karanta dokar wurin kowace shekara. Colorado, alal misali, ta hana ɗora madubi a kakar bindigogin ɗuri ta baki, madubin ganin dare da na gano zafin jiki kuma haramun ne ga barewa a yawancin jihohi.

Kafin kowace kaka, da bayan duk faɗuwa ko doguwar tafiya a mota ko jirgi, a sake harba uku. In ramuka suka fara warwatsuwa, a bi abin daki-daki: notunan zobba, notunan mazauni, notunan da ke haɗa ƙarfen bindiga da ƙota, sannan harsashi, sannan a ba wani gwani ya harba don a cire hannun mai ita daga zargi. In duk wannan bai warware ba, a kwance madubin a ɗaura wani da aka yarda da shi. Idan ramuka suka haɗu, to madubin farko ne, sai a mayar wa kamfani da takardar garanti.